Ƙahon da Yaya ya sha kafin ba da jini

Matso kusa ki ji, ni ba na iya ɗaga murya kan zancen gida.

Ni ba mai fita ba ce. Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma sai na shekara ban taka ba. Amma da likita ya ce cikin 'yata sai an yi mata aiki, a tanadi jini tun wata guda kafin ranar, na ce ƙafata ƙafarta.

Yayana, wanda ya goya ni ina ƙarama, shi ya fara buga ƙirji ya ce jinin kawu ne zai shiga jikinta. Kwana biyu da faɗin haka ina tankaɗe na ji matarsa ta katanga tana cewa ya je kasuwa wanzami ya kafa masa ƙaho shida. Wai a zuƙe mataccen jini, mai kyau ya rage wa yarinya.

Bayan sati uku muka je asibiti. Malamar gwaji ta ɗiga jininsa a wani ɗan tsinke, ya fito lafiya. Ta ce, "Alhaji, an tsaga ka da wani ƙarfe kwanan nan?"

"Ko ƙaya ba ta soke ni ba."

Na ce, "Yaya, ƙahon fa?"

Ya harare ni. "Ke Auta, kunnenki har ya fi bakinki tsawo. Ƙaho ai wanki ne!"

Malamar ta ajiye biro. Ta ce in aska ɗaya ta bi bayan mutane da yawa, tana iya ɗauko ciwon hanta, kuma in shigarsa sabuwa ce tsinken nan ba ya ganinsa. Akwai na'ura a birni da ke laluben ƙwayar cutar ita kanta, ko 'yar ƙanƙanuwa ce. Ban yi boko ba, amma na gane: tsinke sawun ɓarawo yake jira, na'ura ɓarawon take kamawa.

Yaya ya miƙa hannu. "Ɗebi ki sa mata, 'yata ce."

"Ni na haife ta," na ce. "Ba ɗigo ɗaya sai na'urar birni ta yi magana." Tunda nake ban taɓa tsinka masa zance a gaban baƙi ba. Na naɗe hannun rigata na ce a ɗebi nawa ma, a aika tare.

Kwana huɗu bai amsa sallamata ba. Na biyar sakamako ya zo. Nawa ya fito lafiya. Nasa akwai ciwon, sabon shiga.

Jinina aka ƙara mata, ga jikan can yana rarrafe. Yaya kuwa yana zuwa asibiti ana duba shi, ya sayi askarsa yana yawo da ita a aljihu. Har yau bai ce na kyauta ba, sai dai ya aiko min da nonon da ya sayo a ƙauyen Barkiya.

To ke, da ke ce a wurin, za ki yi shiru don kunyar wanda ya goya ki?