Ni Ne Na Riƙe Agogon

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka zo, wurinSa muka nufa. Kafin azahar layinku ya cika maƙil. Na tsaya ina ƙirga sahun masu yi maka salla, ina tambayar kaina ko tawa za ta tara rabin sahu ɗaya. Ka ga, ko a ranar ban bar halina ba.

Tare muka yi makaranta. Ni nake zuwa na ɗaya, har ka laƙaba mini Na Ɗaya, kai kuwa kana can tsakiyar aji. Ni aka tura ƙasar waje ƙaro ilimi. Da na dawo da digirina da kwat ɗina, na tarar da kai a ɗakin dabbobin gwaji na sashenmu a jami'a kana canza wa fararen ɓeraye ruwan sha. Ni na sa maka Sarkin Ɓeraye don in muzanta ka. Ka karɓa da dariya, ɗalibai suka mai da shi sunan girma.

Ba ka taɓa bari a kai wa dabba reza ba sai maganin barci ya kama ta sosai. Ɗalibin da bai saba ba, kai kake tsayawa a bayansa har ya natsu. Kai kake zuwa gaishe da Inna, mahaifiyata, lokacin da nake cewa aiki ya yi mini yawa. Wurinta ka samo ganyen da take dakawa ta shafa mana idan mun yanke, ganyen da na hana ta ambata a gaban baƙina. Har ta rasu kai take kira ɗana, ni kuwa mai kwat.

Ka shanya ganyen, ka niƙa, ka ce sai an gwada shi yadda ilimi ya yarda. Ɓera arba'in. Kai ka yanke ɗan ƙarshen wutsiya, ka barbaɗa gari, ka wuce wurin na gaba; wani ya riƙa dangwala takarda har jinin ya tsaya, ya rubuta lokaci. Ka zuba garin a kwalabe masu lamba don kada mai agogo ya san wanne ne ganyen, wanne ne garin banza.

Ka ce, "Na Ɗaya, kai za ka riƙe agogon. Duk sashen nan kai kaɗai ne ba ka fatan ya yi aiki. Wa zai ce an yi son kai?"

Abu ɗaya ka manta: da ƙamshin ganyen nan na tashi. Kana buɗe kwalba ta uku na ji turmin Inna. Jinin ya tsaya kafin minti biyu, da idona na gani, amma na bar agogon yana tafiya. Wani ɓeran sai in ƙara masa sakan arba'in, wani minti guda. Sakamako ya nuna ganyen bai fi garin banza ba. Aka yi watsi da aikin, aka tsallake ka a ƙarin girma, kuka ƙara shekara biyu a ɗaki ɗaya na haya kai da iyalinka.

Bayan shekara biyun ka sake tara ɓeraye, ka shigo ofishina da agogon, ka miƙa mini man zafi irin na mura.

"Shafa a hanci, Na Ɗaya. Ɗakin nan da wari, kada ya dame ka."

Na shafa. Hancina bai ji komai ba, na rubuta abin da na gani. Daga aikin nan sunanka ya fita, ka zama farfesa, kuma ka sa sunana cikin waɗanda ka gode wa. Shekara ashirin da shida ba ka ce mini uffan ba.

Na yi hassadar kujerarka da ɗalibanka, ba zan ɓoye ba. Amma wadda ta fi ci mini rai ita ce ta wannan shirun, domin da ni aka yi wa haka, da duniya ta ji. Sau biyu na zo asibitin da kake kwance don in nemi gafararka, na ɓige da hirar ciwon gwiwa. Na san za ka ce, "Wane agogo?" kuma ba zan iya ɗaukar wannan ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya tausaya maka fiye da yadda ka tausaya wa dabbobin da ke hannunka. Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina yi wa matarka da 'ya'yanka da ɗalibanka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Uwar gida, ke kika zauna a ɗakin nan ɗaya da yara huɗu. Na tabbata bai taɓa gaya miki dalili ba. To, ni ne. Shi bai ba ni damar roƙo ba. Ke ina roƙon ki, kuma idan kin ƙi, ba ki yi laifi ba.