Arnfinn Vatne Ya Gayyaci Kowa

Tsoro ya fara kama Tuva ne a teburin cin abinci, wata Laraba da yamma, lokacin da mahaifinsu ya ajiye cokali, ya goge bakinsa, ya ce ya riga ya aika wa duk 'yan ajin su Ylva gayyatar bikin cikarta shekara goma sha biyar. Ylva, ƙanwar Tuva, tana riƙe da lomar dankali da kifi. Lomar ba ta kai baki ba, ba ta koma faranti ba. Fuskar yarinyar ta yi fari fat, har leɓɓanta.

"Duka?" in ji Ylva.

"Duka mana. Kin san doka."

"Baba, na ce maka silima nake so. Ni da Tuva kawai."

"Silima! Mutum ya zauna cikin duhu ya yi shiru, shi ne biki? Ranar Asabar za ki gode mini."

Ya miƙa hannu ya ƙara man shanu a dankalinsa. Mahaifiyarsu Gunhild, wadda ke aikin jinya a gidan tsofaffi, ta dubi agogo ta tashi neman takalmanta. Ta daɗe da gane cewa gardama da mijinta ɓata yawu ne.

Duk wanda ya kwana biyu a garin nan na bakin ruwa ya san mijin nata, Arnfinn Vatne. Da rana ma'aikaci ne a ofishin ruwa da magudanai na ƙaramar hukuma, kuma a can ba wanda ke jin motsinsa. Da ya tashi aiki sai ya zama babban mutum. Shi ne shugaban kwamitin iyaye tun Tuva na aji ɗaya, ga shi yanzu ta gama jami'a a Bergen ta dawo gida tana neman aiki, shi kuwa yana nan a kujerar. In an kira aikin gayya don fentin rumfar filin ƙwallo, shi zai fara zuwa, kuma ba zai taɓa buroshi ba, domin dole a sami mai raba aiki. A ƙarshen mako yakan sa rigarsa ruwan ɗorawa ya bi sauran iyaye sintiri a titi, yana tambayar 'ya'yan mutane ko iyayensu sun san inda suke. Kowace shekara yana yi wa iyaye lacca a kan haɗarin waya, da majigi da komai. Jaridar garin ta taɓa buga hotonsa rungume da kwando cike da wayoyin yara, ya sa hoton a gilashi ya rataya a bakin ƙofa, inda baƙo zai gani yana cire takalmi.

Amma abin da ya fi alfahari da shi ita ce dokar gayyata. Shekarun baya wani yaro ɗan shekara shida ya yi kuka don ba a gayyace shi biki ba. Arnfinn ya miƙe a taron iyaye ya ce daga yau, ko a gayyaci kowa a aji, ko kar a gayyaci kowa. Aka yi tafi. Ga yara masu sauya haƙori doka ce mai kyau, ba wanda ya musa. Sauran iyaye suka riƙe ta har 'ya'yansu suka fara tasawa, sannan suka sake ta ba tare da wani taro ba, kamar yadda ake kyautar da keken da yaro ya fi ƙarfi. Arnfinn kaɗai bai ji labari ba.

Bayan cin abincin Tuva ta bi ƙanwarta sama. Ta same ta zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, domin rigar ba ta barin ta lanƙwasa. Ƙashin bayan Ylva ya karkace, shi ya sa likita ya ba ta wata rigar roba mai tauri da take ɗaurawa daga ƙirji zuwa ƙugu, tana rufe ta da manyan rigunan sanyi.

"Faɗa mini," in ji Tuva.

Ylva ta miƙa mata wayarta.

Shafi ne aka buɗe, sunansa Kunkuru. Hotunan Ylva ne daga baya: tana hawa bene, tana ƙoƙarin ɗaure takalmi, tana cin burodinta ita kaɗai a bakin taga. Ƙarƙashin kowane hoto ana ta gasar baƙar magana. Wani ya rubuta cewa a ƙwanƙwasa a ji ko akwai mutum a ciki. Wata ta ce a kifar da ita a ga ko za ta iya tashi. Tuva ta yi ta ja da yatsa, shafin ya ƙi ƙarewa.

"Su wa?"

"Sunniva ce ta buɗe. Eskil ke ɗaukar hoton. Sauran suna dariya."

"Kuma duk za su zo gidan nan ranar Asabar."

"Kar ki gaya wa Baba," in ji Ylva. "Don Allah. Taro zai kira."

Tuva ta kwana tana juyi, da safe ta tare mahaifinta a ƙofa yana sa rigar ruwa. Ba ta nuna masa shafin ba. Ta ce masa akwai yaran da ke muzanta Ylva a waya, Sunniva da Eskil ne kan gaba, kuma su ne ya buɗe wa ƙofa, ya fasa bikin.

Ya yi murmushin da yake yi wa sababbin iyaye. "Ai shi ya sa. Kin taɓa ganin mutum ya ci wainar gidanki sannan ya zage ki?"

"Na gani, Baba. Sau da yawa."

"A Bergen, ko? Nan ba Bergen ba ne. Sunniva 'yar wa? Uwarta ce ma'ajin kwamitinmu. Ni na koya wa Eskil iyo da hannuna."

"Ka tambayi Ylva ko tana so?"

"Yaro ba ya son magani, sai a fasa ba shi? Digirin naki ne ya ce haka?" Ya dafa kafaɗarta. "Ki ji da neman aikinki, 'yata. Wannan fagena ne."

Ranar Asabar aka tashi da ruwa kamar kullum. Yaran suka zo a kan lokaci, suka jera takalma a ƙofa, kowa ya miƙa hannu. "Sannu, Arnfinn. Mun gode da gayyata." Sunniva ta rungume Ylva, ta ce kai, rigar nan ta yi miki kyau. Ylva ta cire rigar robar a ranar don ta sa doguwar riga shuɗiya, ta ɓoye ta a bayan kabad ƙarƙashin bargo. Arnfinn na kicin ɗaure da gyale a ƙugu, yana zuba ƙullin waina, yana yanka cuku mai ruwan ƙasa, yana waƙa. A bakin ƙofa ya ajiye kwandonsa, kowane yaro ya jefa waya. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa yaro na iya jefa tsohuwar wayar da ta mutu, ya bar mai rai a aljihu. Tuva ta ga aƙalla uku masu fasasshen gilashi a cikin kwandon.

Ta sa wa matakalar bene ido. Amma mahaifinta ya kira ta ta fito da kek daga mota, sannan ta nemo ashana, sannan ta riƙe masa tire. Da ta dawo falo ta ƙirga kawuna, babu Sunniva, babu Eskil. Ta hau sama da gudu. Ta ci karo da su suna fitowa daga ɗakin Ylva.

"Banɗaki muke nema," in ji Sunniva, ido cikin ido.

"Banɗakin da kika shiga ɗazu a ƙasa ya ƙaura ne?"

"Akwai mutum a ciki. Yi haƙuri, Tuva. Mun yi kewarki fa, yaya Bergen?"

Da yaran za su tafi, kowannensu ya sake miƙa hannu ya yi godiyar abinci. Arnfinn ya tsaya a ƙofa yana ɗaga musu hannu har suka sha kwana, sannan ya juyo. "To? Wa ya mutu?"

Kafin a gama wanke kwanuka wani bidiyo ya fito a shafin. Eskil ne sanye da rigar robar Ylva, yana rarrafe a kan shimfiɗar ɗakinta, yana zaro wuya yana mayarwa. Sai ya kife a bayansa yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Ana jin Sunniva na dariya har da shaƙewa, tana bin ɗakin da kyamara: gadon, magungunan, kamfai da rigunan ciki da ke shanye a kan kujera. Zuwa safiyar Lahadi ya fita daga ajin, ya tsallaka ruwa zuwa makarantun wancan gefen.

A wannan karon Tuva ta dangwara masa wayar a gaba. Ya kalla har ƙarshe, kunnuwansa suka yi ja. Ta zaci yau zai hau sama ya zauna kusa da 'yarsa ya ce na yi kuskure. Ina! Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Amma ai na karɓi wayoyinsu."

Daga nan ya shiga abin da ya iya. Ya kira mahaifin Eskil, suka yi ta hira cikin ladabi, suka yarda yara ne, kuma ba a son abin ya yi nisa. Ya kira uwar Sunniva, ta ce ta kaɗu matuƙa, ta kuma tuna masa cewa 'yarta ma yarinya ce mai rauni. Ya kira malamin ajin. Kafin azahar an sa taro ranar Litinin da safe: a jera kujeru a zagaye, Ylva ta zauna tana fuskantarsu, ta faɗi yadda ta ji a ranta, su ma su faɗi nasu, a yi musafaha. Shi zai kawo kofi.

Sannan ya hau sama, ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya miƙa hannu.

"Kawo wayar. Sai ƙura ta lafa."

Ylva na kwance, fuskarta ga bango. "Tasu ka karɓa?"

"Wannan hurumin iyayensu ne. In ba ki gani ba, ba zai dame ki ba."

"Kowa ya gani, Baba."

"Gobe za a gyara komai. Abin da ake bukata ki yi magana da gaskiya."

"A gabansu."

"A gabansu mana. Da a gaban wa?"

Tuva ta shiga tsakani. Ta ce masa ya bar jaki yana dukan taiki. Ta ce jiya ya kawo su ɗakin yarinyar, gobe kuma zai kai musu ita da hannunsa. Ya ce ta rage murya, maƙwabta na ji. Gunhild ta ce a bari kowa ya huce. Ya karɓi wayar, ya kulle ta a aljihun teburinsa, ya sa makullin a aljihu, ya tafi ya ɗauko fulas ɗin kofi daga sito.

Ranar Litinin Ylva ta sauko a shirye, ta sha madara, ta haɗa burodinta ta naɗe a takarda. Tuva ta ce za ta raka ta.

"Bari kawai. In suka gan ki, wani hoton ne."

Arnfinn ya riga ya wuce da mota don ya jera kujeru. Ylva ta hau kekenta ta gangara. Tuva ta tsaya a taga tana kallon bayanta, sai ta lura bayan ba a miƙe yake kamar kullum ba. Ta hau sama. Rigar robar na kan gado.

Aka zauna a zagaye, kujera ɗaya ba kowa. An ce Arnfinn ya zuba wa kowa kofi, ya ce a ɗan ba ta lokaci, kunya ce. Sai da aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe tara malamin ya ce ya kamata a kira gida. Tuva ta amsa. Ta ce ai ta fita tun ɗazu. Malamin ya ce to a kira wayarta. Tuva ta waiga ta dubi teburin mahaifinta, inda wayar ke kulle.

Da rana aka ga keken jingine a tashar jirgin ruwa, ba a kulle ba. Ma'aikacin jirgin ya ce yara da yawa sun shiga da safe, bai riƙe fuska ba. 'Yan sanda sun nemi hotunan kyamarar tashar, masu aikin ceto sun fita da kwalekwale suna bin gaɓa. Gunhild ta bar aiki, ta tsallaka wancan gefen tana bin tashar mota da shaguna da hoton 'yarta a hannu.

Arnfinn yana filin ƙwallo. Maƙwabta sun taru, ya raba su rukuni-rukuni, yana nuna wa kowa inda zai bi. Wata maƙwabciya da ta dawo daga can ta ce ya tsara aikin sosai, har ya sa uwar Sunniva ta kula da shayin masu nema.

'Yar sandan da ke riƙe da maganar ta ce wa Tuva ta zauna a gida, ko yarinyar za ta dawo ta sami mutum. Ta ce za ta kira da zarar an gama duba hotunan, a san ko Ylva ta shiga jirgin ko ba ta shiga ba. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Tuva ta kunna duk fitilun gidan, ta zauna a kan matakala da wayarta a cinya. Har yanzu ba a kira ba.