Uwar Kwalba

Na tsani matar nan, kuma ba zan ɓoye ba. Uwar Kwalba muke ce mata, ita ce mai gwajin fitsari a ɗakin awon ciki. Shekara ashirin da biyu tana kan teburi ɗaya a bakin banɗaki, da tiren ƙananan kwalabe da almakashi. Da almakashin take raba tsinken gwaji gida biyu don ya kai ta ƙarshen wata. An ce da wankin kwalaben ta fara tun tana budurwa, har ta gaji kujerar. Ki gaishe ta, amsar ita ce, "Rabin kwalba na ce, ba wanka zan yi ba."

Ga wulaƙanci kamar me. In kin miƙo kwalba sai ta dafa da bayan hannu. In ta ji sanyi ta tuttular a gabanki, ta ɗaga murya kowa ya ji: "Na gida ne ko na maƙwabciya? Koma ki yo naki!"

Ƙanwata na da cikin wata takwas, ƙafafu sun kumbura suntum. A awon baya matar ta ga wani abu a fitsarinta, ta ce in ya ƙaru kwantar da ita za a yi a asibiti. Ita kuwa tela ce, ga ɗinki jibge, ga yara biyu. Muna layi ta riƙo min hannu.

"Yaya, ki rufa min asiri. Ki yi min."

Muka shiga banɗaki tare, wai ina taimaka mata. Na yi, ta fito da shi da ɗuminsa. Uwar Kwalba ta dafa, ta tsoma tsinke, ta dube shi, ta dubi ƙafafun yarinyar ta daɗe, sannan ta rubuta a kati. Muka fito muna ƙyaƙyata dariya, har ina kwaikwayon muryarta.

Kwana goma sha ɗaya tsakani, jijjiga ta kama ƙanwata a kan keken ɗinki. Ita ta sha da ƙyar. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba.

Ina zaune a barandar ɗakin haihuwa sai ga matar da katin a hannu. Likita ya gama wanke ta tas a gaban ma'aikata, wai gwajinta ne ya yi ƙarya. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke ce yayar?"

Na gyaɗa kai.

"To, fitsarinki lafiya lau yake, baiwar Allah. Ba ki da komai."

Ta wuce abinta. Da ma tona ni ta yi na huta, amma muguwar ba ta faɗa wa kowa ba. Har yau mijin ƙanwata Uwar Kwalba yake tsine wa in an tuna yaron, ni kuma ina gefe ina cewa amin.