Busassun Hannayen Verna Comeau

Shekara ashirin da shida Verna Comeau ta yi a teburi guda, a wata ƙaramar masana'anta da ke bakin teku a Nova Scotia, kuma ba a taɓa ganin kofin shayi a kansa ba. Aikinta haɗa 'yar na'urar nan da ake ɗaure wa akwatin naɗar bayanan jirgin sama, wadda ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Barci na'urar take yi har sai ruwa ya taɓa ta, sannan ta shiga kira, don masu nema su ji ta a ƙarƙashin teku. Ɗan ruwa kaɗan ya isa ya tashe ta, ta cinye batirinta a banza. Shi ya sa Verna ke goge hannu sau biyu kafin ta zauna, ko da a bushe yake.

Kwana talatin na'urar ke yi tana kira. Wata shekara jirgi ya faɗa teku mai zurfi, masu nema ba su isa wurin ba sai rana ta talatin da huɗu. Suka tarar da shiru. Verna ba ta san ko hannunta ne ya haɗa waccan ba, ba ta kuma tambaya ba.

Da injiniyoyi suka zana sabuwa, mai kwana casa'in da murya mai kauri da ke zuwa nesa, ita ta haɗa ta farko. Ranar uku ga Maris aka ɗaure ta da ƙarfe mai nauyi aka sake ta cikin ruwan teku mai sanyi don gwaji. In ta mutu kafin wa'adi, sai a koma zane daga farko, Verna kuwa ta yi ritaya a ƙarshen Yuni ta bar jirage da mai kwana talatin.

Ranar ɗaya ga Yuni, cikar kwana casa'in, suka fita a jirgin kamun kifin Alton, ƙanin mijinta, ita da injiniya guda.

"Matar yaya, kin san a kan ruwa muke ko?" in ji Alton. "Na kawo miki tawul uku."

"Ka ajiye su ka goge jirgin nan. Warinsa ma ya isa ya kashe batiri."

"Kifin ne ke biyan kuɗin mai, ranki ya daɗe."

Da suka isa ya kashe inji. Injiniyan na nan yana warware wayar abin sauraro, Verna ta durƙusa, ta kwanta, ta manna kunnenta a ƙasan jirgin. Muryar tsofaffin na'urorin ta fi ƙarfin kunnen mutum don siranta. Dubbai ta haɗa, ba ta taɓa jin ko ɗaya da kunnenta ba, sai ta cikin inji. Wannan kuwa an ce mutum na iya ji. Sau ɗaya take kira a daƙiƙa goma.

Ta ƙirga goma, ba komai sai ruwa na lasar katako. Ta sake ƙirgawa.

Sai ga shi. Ɗan ƙaramin sauti, kamar an ƙyasta farce a bakin kofi, ya taso daga duhun da rana ba ta kaiwa, ya ratso ruwan nan duka har cikin ƙashin kanta. Abin da ta ɗaure da ƙusoshi huɗu, yana can shi kaɗai tun watan Maris mai ƙanƙara, ba wanda ke sauraro, bai kuma fasa kira ba.

"Yaya?" in ji Alton a hankali.

Ta ɗaga masa yatsa. Sai da ta ji sau shida, cikar minti guda, sannan ta tashi zaune.

"Tana nan," ta ce. "Rubuta ƙarfe goma da minti goma sha biyu."

Ta leƙa gefen jirgin, ta tsoma hannunta cikin teku har wuyan hannu. Alton ya miƙo tawul, ba ta ma lura ba.