Kawu Gado da Doguwa

Ku 'yan gurup ɗin makanikai, ai kun san Kawu Gado bai taɓa gaida mai mota ba sai ya gaida motar. Ka shigo garajinsa na Dogon Dutsi da babbar riga, ka miƙa hannu, sai ya wuce ka ya kwantar da kunne bisa kapo, wato murfin injin. Ka buɗe baki ka yi bayani, ya ɗaga maka yatsa: "Tsit! Kai ne marar lafiya ko ita?"

Ni Sani, ɗan ƙanwarsa, direba ne ni, shi ya sa ba na cikin gurup ɗinku. Amma ni na saya masa salular nan da nake muku magana da ita, kuma wallahi na yi nadama. Mutumin da ya ce ba ya magana da wanda bai gani ba, sai ga shi ko tuwo yake ci tana hannunsa na hagu. Karatu bai iya ba, saboda haka komai saƙon murya ne. Wani direba ya maƙale a yashi wajen Matankari, ya turo hoton injinsa. Kawu ya danna ya ce, "Hoto? Aure zan nema mata? Turo mini kukanta!" Aka turo kukan. Ya lumshe ido ya saurara, sannan ya mayar da amsa da bakinsa: "In ta ce kir-kir-kir-tsut, batiri ne. In ta ce gurrr-hwa-hwa, buji ne. Taka hwa-hwa take yi." Duk wanda ke da wannan saƙon ya ƙara saurara da kyau, zai ji Inna Hajo, matarsa, daga nesa tana cewa, "Malam, maƙwabta na tambaya ko raƙumi muka sayo!"

Inna ba ta son gurup ɗin nan, ku yi haƙuri in faɗa muku. Cewa take kun rage mata cefane, don wanda da zai jawo motarsa har garaji ya biya, yanzu kyauta yake gyarawa a gindin gawo. Kawu ya ce mata, "Hajo, ilimin da na ɓoye, gara ce za ta ci shi tare da ni."

Sai ƙin sabon kaya! Wani matashi a cikinku ya lissafa wa mai mota kuɗin gyara, kaza sabo, kaza sabo, har mutumin ya fara zancen sayar da shanunsa. Kawu ya shigo a fusace: "Kai yaro, da uwarka ta yi tari, sabuwa kuka sayo?" Shi komai da robar tsohon tib ɗin taya da waya yake ɗaurewa. Ba koyaushe take riƙewa ba kuwa. Ina zaune a gefensa ranar da ƙofar motarsa ta ɓalle ta faɗi daidai gaban jandarmomi. Ko a jikinsa. Ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, zafi take ji."

Motar nan ita ce Doguwa, tsohuwar akori-kura da ta girme ni. Ya sa mata sunan don sai ta ga dama take tashi. Wani ustazu ya ce ya canja, sunan iska ne. Kawu ya ce, "Malam, tawa ba ta shan jinin akuya. Mai take sha, shi ma da cokali." Bai taɓa bari na taɓa sitiyarinta ba. "Gaula" yake ce mini tun ina rarrafe. Amma da ciwo ya kwantar da shi, ni ya kira. Ya ce, "Sani, a ƙauyenmu na wajen Gecheme za a sa ni, kusa da uwata. Doguwa za ta kai ni. Ka yi shatar mota, ban yafe ba." Na ce na ɗauka.

Da safe ya cika. Aka yi masa sutura, aka sa shi a bayan Doguwa, na shiga na murɗa makulli. Shiru. Na sake. Ko tari ba ta yi ba. Aka tura, aka tura, dattawa na haki. Rana ta ɗaga, liman ya ce, "Sani, gawa ba ta jira. Ko a nemo wata motar, ko a sa shi a nan." Gumi ya rufe ni, ina jin kamar in yi ihu.

Sai na tuna salularsa tana aljihuna. Na danna na ce, "Jama'a, Doguwa ta ƙi tashi." Na san da yawanku sun yar da waya da suka ga saƙo daga lambar mamaci, ku gafarce ni. Ba a jima ba Bulus na Tibiri, abokinsa tun suna koyon aiki, ya tono wani tsohon saƙo ya turo. Na buɗe, muryar Kawu ta cika wurin:

"Ku yara, mota ba a yi mata gaggawa. Ku dubi Doguwa. Ka ɗaga kujerar direba, akwai jar waya, ka ɗaura ta ga cokalin shayin da ke nan. Sannan da baya ake tura ta, ba ta son gaba. Wanda ya murɗa mata makulli kamar mai yanka kaza, Allah ya isa!"

Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Inna Hajo tana kuka tana dariya. Muryar ba ta ƙare ba:

"Ranar da na mutu ma ita za ta kai ni, in gaulan nan Sani bai cinye mata batiri ba. Amma yaron na da hannu, tuƙinsa ya fi nawa. Kada wanda ya gaya masa."

Shekara da shekaru kuna da maganar nan, ba wanda ya gaya mini. Kun riƙe amana, 'yan banza.

Na ɗaura wayar ga cokali. Masu zaman makoki suka dawo gaban mota suka tura ta da baya. Ta ce gurrr-hwa-hwa, ta kama. Ban ga hanya sosai ba don hawaye, amma kafin la'asar yana kwance kusa da uwarsa, kuma ko ƙofa ɗaya ba ta faɗi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Gado, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai bar kowa a kan hanya ba, ya Allah kada ka bar shi a kan hanya. Amin.