Haliru da Haruffa Masu Ƙugiya

Shekara tara Haliru ya yi yana kula da kwamfuta a ofishin wani kamfanin manyan motoci, kusa da iyakar Binin. Daga Bagudo yake zuwa kullum a kan babur. Duk motar da za ta ƙetare da albasa, sai ya shigar da sunan direba da na mai kaya. Kwamfutarsa ta jera saƙonnin a layi, su tafi ɗaya bayan ɗaya zuwa wata tsohuwar babbar na'ura a hedikwata, ita kuma ta maido da takardar wucewa.

Matsalar ita ce na'urorin biyu ba sa ba haruffa lamba iri ɗaya, sai an juya saƙo a hanya. In suna ya zo da ƙ ko ɗ, ko irin wasalin Faransanci mai alama a ka na 'yan Binin, sai ya rikiɗe ya zama alamar tambaya, ya tsaya a gaban layi ya tare na baya. Haliru ya gano haka da kansa. Yakan cire ƙugiyar da hannu, Ɗanladi ya koma Danladi. Yana da littafin da ya rubuta duk sunan da ya taɓa maƙalewa da ranarsa. Direbobi suna ce masa Injiniya, yana jin daɗi.

Bana da kakar albasa dabarar ta ƙi ci. Motoci goma sha ɗaya suka tsaya a rana. Hedikwata ta turo mai gyara, kuma ba kowa ba ce sai Surayya, ƙanwarsa. Shi ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta. Ita aka bari ta tafi jami'a, shi kuwa ya tsaya saboda gonar mahaifinsu a Lafagu.

Manaja da kansa ya ba ta kujerar Haliru. Direbobi suka yi ta leƙowa ta taga.

"Yaya Haliru, wane suna ya fara tsayawa?" in ji ta.

"Mi na sani? Ku ne masu digiri."

Littafin yana cikin jakarsa. Bai fito da shi ba. Ya zauna a kan benci yana kallon ta tana buɗe saƙonni ɗaya-ɗaya, zufa na zubo mata. Abin kunya, sai ya ji daɗin wahalar tata. Haka aka wuni.

Washegari Malami, wani dattijon direba, ya shigo da albasa guda a hannu. Ya matsa ta, ruwa mai wari ya fito.

"Injiniya, ka ga abin da zaman ga ya yi."

Haliru bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ciro littafin ya ajiye a gaban Surayya.

Ta daɗe tana duba ranakun. "Tun jiya yana wurinka?"

"Awo."

Da ranakun ta gano cewa tun da aka canza kwamfutar ofis bana, sau biyu ake juya kowane saƙo, a nan da can. Ta hana juyawar farko, ta kira hedikwata suka sa jadawalin lambobin haruffa da ya san ƙugiya. Kafin la'asar takardu suka fara fitowa, Ɗanladi da ƙugiyarsa.

Ta gaya wa manaja cewa littafin yayanta ne ya yi aikin. Manaja ya ce madalla, ya ci gaba da yabon ta.

Haliru ne ya kai ta tasha a babur. A hanya wani direba ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, yayan mai gyara!"

Haliru ya ƙara wuta. Har yau yana ofishin, kuma in aka ambaci Surayya, yakan ce tana da ƙoƙari, sai ya kawo wata magana.