Zane Uku na Baba Tsada

Ga tambaya gare ku masu karatu, ku riƙe ta a kumatu kamar alewa har mu kai ƙarshe. Hannu biyu gare shi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Harshe ɗaya gare shi, bai taɓa cewa uffan ba. In ya karkata dama an yi ƙarya, in ya karkata hagu an yi ƙarya, gaskiyarsa sai ya tsaya cak. Ya bar gidana da sunan kwana biyu, yau shekara arba'in da ɗaya bai dawo ba. Mene ne?

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ana fitowa daga sallar azahar, Wanda ya ba mu aron Baba Tsada ya karɓi abinsa. Nasa muke, kuma wurinsa muka nufa. Ya cika a ɗakinsa, mai ɗakinsa na riƙe da hannunsa, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara saba'in da huɗu.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai shagon ƙarshe a layin masu sayar da kayan gyaran mota, shagon da ke kallon gareji. Ɗan kawuna ne, taubashina. Na girme shi da wata bakwai, har ya koma ga Allah bai yarda ba. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Amma abin da na gani da idona ba zan bar wa wani ya rubuta ba.

Bawana, ka tuna ranar da ka shigo gidana fuska a murtuke? Lokacin shagonka bai cika shekara ba, ni kuma ina sayar da gishiri da sukari a ƙofar gida. Ka sayar wa wani direba takalmin birki, wato abin nan da ke kama ƙafar mota in an taka, sati bai zagayo ba ya marmashe, motar ta tsaya a cikin rami. Ba wanda ya mutu. Direban bai zage ka ba, bai ɗaga murya ba. Ya zo ya zube maka garin abin a kan kanta, ya dube ka, ya juya. Ka ce mini da ya mare ka da ya fi maka sauƙi. Sai ka ɗauki sikelina mai faranti biyu ka saɓa a kafaɗa, ka ce kwana biyu.

Daga ranar ka kafa tsarinka. Ka bubbuga ƙusoshi a bangon bayan kanta, kowace ƙusa ka rataya mata ƙarfe ɗaya na asali wanda ka tabbatar da shi, ka ce sunansa uwa. Duk kwalin da dila ya kawo, sai ka zaro ɗaya ka ɗora a wannan faranti, uwa a wancan. In harshen ya tsaya, ka ƙwanƙwasa shi da sifana, ka kara kunne kamar mai sauraron gulma. Sannan ka ɗauko zarto. Kowane kwali sai ya ba da ɗa ɗaya an yanka an ga cikinsa. Na sha ganin manyan diloli, masu rawani da masu kwat, suna kau da kai kamar ana yi musu kaciya. Wanda ya tsallake ukun nan, ka juya bayansa ka ja masa zane uku da ƙusa. Makanikai har ba sa duba kwali. Su juya ƙarfe, su shafa da babban yatsa, in sun ji zanen su ɗaura.

Sunan Tsada kuwa zalunci ne, ko da yake ni na fara kiranka da shi. Kanta biyu gare ka. Ta hagu madubi ne da marfi da hannun ƙofa da fitilun ado, kuma a nan kai ne kake hana mutum ɓarnar kuɗi. Na ji ka ce wa wani mai babbar riga ya ajiye madubi mai tsada ya ɗauki na araha, don duka biyun fuska ɗaya za su nuna masa. Ta dama ce ba a ciniki. Kana cewa abin da in ya lalace haushi kawai za ka ji, sayi na araha. Abin da in ya lalace za a zo gidanka gaisuwa, zo nan mu yi magana.

Jikana direba, maigidan nan nawa da ba ya cefane, shi ma bai tsira ba. Da ya samu bas mai ɗaukar mutum sha takwas, ya zo shagonka ya zaɓi wani ƙaho mai kuka iri uku, ya ce birki kuma zai leƙa layin baya, an ce akwai na rabin kuɗi. Ka karɓe ƙahon ka mayar cikin kwali. Ka ce, "Ɗan nan, in ka doshi gangaren nan da mutum sha takwas, ƙahon ne zai tsayar da kai, ko sanar da mutane zai yi ga ka nan tafe?" Ya zo mini da ƙara. Na ce ya koma ya ba ka haƙuri, ni ban shirya takaba ba. Daga baya na ji ka ba shi ƙahon kyauta, ka ce kada in sani.

Shekara talatin kayan kantar dama daga hannun mutum ɗaya kake karɓa, wani tsohon dila mai tsada da gaskiya. Da ya rasu ɗansa ya gaje shi, wanda 'yan layi ke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi isowa. Akwai kuma Mai Buhu, wani siririn mutum mara magana, da ke kawo kaya a buhu bayan babur, ba kwali ba ƙyalli. Matatun man injin da yake kawowa, wato filta, sun sha tsallake sikeli, amma ba ka taɓa ba shi birki ba. Ka ce kana kallonsa tukuna. Kallon ya kai shekara shida.

Sai ciwo ya kwantar da kai. 'Ya'yanka maza duk suna ofis, ba mai bambance boris da murfin kwalba. Shago ya koma hannun 'yarka Auta, wadda ta yi rarrafe a ƙarƙashin kantar nan. 'Yan layi suka fara cewa Tsada ya kwanta, zane ya ƙare. Ana cikin haka ƙungiyar direbobi ta aiko tana son takalmin birki na motoci arba'in a lokaci ɗaya, har da ta jikana, kuma sharaɗinsu ɗaya, kowanne da zane uku. Kai kuwa ko zama ba ka iyawa. Ni na ɗauki kujera na tare a shagon, na ce gadin kayana na zo yi.

Mai Turare ya iso da hantsi, aka jibge kwalaye masu sheƙi, farashi na nan da tsadarsa kamar na zamanin ubansa. Makanikai suka taru a bakin ƙofa don kallo. Da ya ga Auta ta jawo sikeli, sai ya yi murmushi.

"Ƙanwata, ba sai kin wahalar da kanki ba. Tun ba a haife ki ba Baba yake tare da gidanmu."

"To ai ba zai ɗau lokaci ba, Yaya," in ji ta.

Ta sauko da uwa daga ƙusa, ta ɗora sabon a ɗaya farantin. Farantin sabon ya yi ƙasa, har ya kusa taɓa katako.

Ya juya ga makanikai yana tafa hannu. "Kun gani ko? Har ya fi uwar nauyi. Da Baba na nan da ya sa mini albarka."

Makanikai suka gyaɗa kai. Ni ma, tunda ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce, na gyaɗa nawa. Na ce, "Auta, ai nauyi ake nema, karɓi."

Ba ta ko dube ni ba. "Gwaggo, Baba bai taɓa neman nauyi ba. Daidai yake nema."

Nan ne Mai Turare ya yi kuskurensa, bawana. Shekaru yana kallonka kana mayar da kaya marasa nauyi, ya ɗauka duk sirrinka ke nan. Bai taɓa lura da cewa harshen sikelin kake kallo ba, ba farantin ba.

Auta ta ɗauko zarto. Ya ce, "In kin yanka, kin saya." Ta ce ta ji. Ta danne abin da gwiwa kamar yadda kake yi, ta yi ta ja, gumi na ɗiga daga haɓarta, har ya rabu biyu. Ƙarfen baya an yi shi da kauri don ya ba da nauyi. Ɓangaren da ke kama ƙafar mota kuwa, wanda shi ne ran abin, siriri ne, ta murza shi da yatsa biyu ya zube kamar busasshen laka. Irin garin da aka zube maka a kan kantar nan shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Wani tsohon bakanike ya cire hularsa ya sake sawa. Mai Turare ya fara cewa shi ma haka aka kawo masa. Wataƙila gaskiya ne, Allah ya sani. Auta dai ta ce a taya shi mayar da kwalayensa mota.

Duk abin nan Mai Buhu na zaune a inuwar gareji. Ta yafito shi. Ta ce, "Baba, kana da na birki?" Ya kwance bakin buhu ya miƙo ɗaya, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ta ɗora. Harshen ya yi rawa kaɗan, ya tsaya cak. Ta ƙwanƙwasa, ta saurara. Ta yanka, ta murza, yatsunta suka yi ja, ko ƙura bai ba da ba. Kuɗinsa kuma bai kai na mai kwali ba, nesa ma. Makanikai suka ce to ta ja zane mana. Ta ce a'a, ƙusar ba tata ba ce. Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ka taɓa yi ba, muka ɗauki gutsattsarin biyu muka nufo ka.

Idonka ya riga ya yi rauni, da yatsa ka duba. Ka shafa na farko, ka ji ya marmashe. Ka shafa na biyu ka daɗe. Ka ce, "Wa ya ce ki yanka, bayan ya fi nauyi?" Ta ce ba kowa. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, mai ɗakinka tana harararmu. Sannan ka laluba aljihun rigarka, ka zaro ƙusar da kanta ya yi sulɓi don shafa, ka danƙa mata. A gabanka, bisa gefen gadonka, ta ja zane uku.

Ka juyo gare ni. "Baiwata, an ce ke ma kin ce nauyi ake nema. Shekara arba'in kina zama a shagona, ashe gyangyaɗi kike."

Na ce, "Tunda ka yi murabus, a mayar mini da kayana."

Ka ce, "Kwana biyu."

Aka ɗaura wa motoci arba'in. Bayan kwana shida aka yi ruwa, wata tirela ta mutu a tsakiyar gangare, daidai bayan kwanar hanya. Jikana ya karyo kwanar da mutum sha takwas, ya gan ta, ya taka. Motar ta tsaya. Ya ce tsakaninsa da tirelar ba a iya shimfiɗa tabarma. Da yamma ya zo ya durƙusa gaban gadonka, ƙaton mutum, ya ba ka labarin. Ka ce, "Ƙahon fa, ya taimaka?" Kwana uku bayan nan ka tafi.

Mutane suna ta ba ni haƙuri, ina amsawa, ina share ido. Amma ni na san ba a kayar da kai ba. Ka ga zanenka a hannun 'yarka, ka ji labarin gangare da kunnenka. Ranar da aka kai ka, motocin nan arba'in sun jeru tun daga gareji har ƙofar gidanka, direbobi na tsaye gefensu, ba wanda ya taɓa ƙaho. Mai Buhu ya zo ya zauna can baya, yadda ya saba. Washegarin da aka buɗe shago ya kawo kaya, Auta ta ɗora su a sikeli kamar ba ta taɓa ganinsa ba, shi da kansa ya miƙa mata zarto.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Duk ƙafar motar da ta tsaya inda ya kamata ta tsaya, duk wanda ya isa gida ya tarar da iyalinsa bai ma san sunan wanda ya yanka ƙarfe dominsa ba, ka sa a ma'auninsa. A wannan awon kaɗai nake roƙon kada harshe ya tsaya daidai. Ka sa farantin alherinsa ya yi ƙasa har ya taɓa katako.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta yi shekara hamsin tana wanke baƙin mai daga rigunansa ba ta gaji ba; ga 'ya'yansa da jikokinsa; ga makanikai da direbobi da 'yan layi, har da waɗanda suka ce zane ya ƙare. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Auta, Allah ya riƙa miki, ya tsare miki ido da yatsa.

Amsar tambayata kuwa, sikeli ne mai faranti biyu. Nawa ne, da kuɗin gishirina na saye shi. Yana kan kantar shagon ƙarshe, tsakanin zarto da ƙusa, kuma na bar wa Auta.